Haƙƙinmu Ne Mu San Abin Da Ke Cikin Ruwan Da Muke Sha

 

Akasarinmu mazauna kudu ba ruwan famfon gwamnati muke sha ba. Ruwan rijiya ne, ko na burtsatsen mai gida, ko na 'yan garuwa. Da mun ga ya fito garau, sai hankalinmu ya kwanta. Amma ba kowace guba ce ido ke gani ba.

A shekarar 2011, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni. A garin Ogale da ke ƙaramar hukumar Eleme a jihar Ribas, an samu sinadarin benzin, mai haddasa cutar daji, a rijiyoyin da mutane ke sha. Yawansa ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Gwaji ne ya tona wannan asiri.

A unguwanninmu, abubuwa uku ne abin tsoro: man fetur daga bututu ko tankin gidan mai, dalma daga inda ake fasa tsofaffin batura, da naitiret daga masai ko mayankar da ke kusa da rijiya. Dalma tana daƙushe ƙwaƙwalwar yara, kuma bai kamata ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya ba. Naitiret kuwa, in ya haura miligiram 50, yana hana jinin jarirai ɗaukar iskar shaƙa. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da waɗannan biyun.

A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa tsabtataccen ruwan sha haƙƙin kowane ɗan'adam ne. Nijeriya ma tana da ma'aunin ingancin ruwan sha tun 2007. Babu inda aka ware baƙo daga ɗan gari.

Saboda haka, mu yi karo-karo mu kai ruwan kowace rijiya ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa ta jiha, da damina da kuma rani. Mu nemi a auna sinadarai, ba ƙwayoyin cuta kaɗai ba. Mu karɓi sakamakon a rubuce. In ya nuna matsala, a daina shan ruwan nan take, ƙungiya ta kai takardar ofishin lafiya na ƙaramar hukuma tare da maƙwabtanmu 'yan gari, domin ƙasa ɗaya muke haƙa.

Allah ya kare mu da zuriyarmu.