Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

 

Yau kafin mu ɗauki alli, za mu yi magana a kan wani ɓarawo da ke cikin garin nan. Ba ya haura katanga, ba ya fasa rumbu da dare. Da rana tsaka ya ke zuwa, mu kuwa da bakinmu mu ke kiransa. Sunansa "Sai gobe."

Da yawa cikinmu, bayan noma, muna taɓa 'yar sana'a. Wani yana da tebur a bakin hanya, wata tana suyar ƙosai, wani kuwa ya kan sayi amfanin gona da kaka ya ajiye. Ko wane mai sana'a yana da jari, kome ƙanƙantarsa. To, abincin wannan ɓarawo shi ne jari. Bari mu yi misali da wake, tun da kowa ya san shi. A duniya duka babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman irin waken nan namu, Nijar ce ke bi mata.

A ce ga mutum biyu, maƙwabtan juna. Ran kasuwa ko wannensu ya sayi wake buhu 2, ko wane buhu tiya 40. Nufinsu su ajiye har bazara, sa'ad da wake ya kan yi tsada.

Na farko, da ya komo gida, washegari ya shanya wakensa ya bushe sarai, ya sheƙe shi, ya zuba a buhu mai leda biyu a ciki. Ya matse iska, ya ɗaure ko wace leda dabam, sa'an nan ya ɗaure buhun waje. Ya ɗora shi bisa katako don kada ɓera da damshi su same shi. Aikin yini ɗaya ne, ya gama.

Na biyu ya jingine nasa a zaure. Ya ce, "Yau na gaji, sai gobe." Gobe ta yi, aka yi suna a unguwa. Jibi ya ce sai kasuwa ta zagayo ya sayo buhun kirki. Kasuwa ta ci, ya manta. Haka mako ya zama wata.

Shi yana hutawa, ƙwaro kuwa bai huta ba. Ku sani, ƙwaron wake tun daga gona ya ke biyo shi. Macen ta kan saka ƙwai a jikin ƙwayar wake, wani lokaci har su kai 100. Tsutsa ta fito, ta huda ƙwayar ta shiga, tana ci daga ciki. Cikin mako 3 ko 4, in da zafi, ta zama ƙwaro, ta fito, ita ma ta saka nata. Ku da ku ka fara lissafi, kun ga yadda abin ke ninkawa. Bayan 'yan watanni mutumin nan ya kwance buhu, sai huji da gari. Mai ƙosai ta duba ta wuce. Wanda ya taya, rabin kuɗi ya taya.

A nan ne waɗansu ke ƙara wa kansu laifi. Da sun ga ƙwaro ya yi yawa, sai su yayyafa wa wake maganin feshin gona, alhali abinci ne da 'ya'yanmu za su ci. A shekarar 2015 sai da Tarayyar Turai ta hana a kai mata busasshen wake daga Nijeriya sabo da yawan maganin ƙwari da a ka samu a jikinsa. Da an rufe wake da wuri, da ba a kai ga haka ba. Buhun nan mai leda biyu, wanda a ke kira PICS, tun shekarar 2007 a ka fara yaɗa shi a ƙasashenmu. Ba ya bukatar magani. Iska ce ke ƙarewa a ciki, ƙwaro ya kasa ci, ya mutu. Jarka ko duro mai murfin kirki ma suna yin wannan aiki, in an cika su an toshe sosai.

Wataƙila wani zai ce, "Malam, ai an ce wani jinkiri alheri ne." Gaskiya ne, amma jira iri biyu ne. Mutum na farko ya jira wata 5 kafin ya sayar. Wannan haƙuri ne, domin ya riga ya gama abin da ke hannunsa, saura na Allah. Na biyu kuwa aikin yini ɗaya ya ƙi yi. Wannan sakaci ne. In kana so ka gane wanne ka ke yi, tambayi kanka: akwai abin da ya rage in yi da hannuna? In akwai, to, ba haƙuri ka ke yi ba.

Me ke sa mu cewa sai gobe? Mun duba, mun ga abu uku.

Na ɗaya, aiki ya kan yi mana girma a ido. Maganinsa a gutsura shi. Kada ka ce, "Zan gyara ajiyata." Ka ce, "Bayan sallar la'asar zan shanya buhu ɗaya." In hannu ya fara, sauran ya kan zo da sauƙi.

Na biyu, kunya. Mun ba da bashi, muna jin nauyin tambaya. Bashi kuwa in ya daɗe, mai ci ya kan manta adadi, mai bayarwa ya yi fushi, a rasa kuɗi, a rasa zumunci. Tun ran da ka bayar, ku yanka ranar biya. Ran nan ka je da fara'a, ka gaishe shi, ka tuna masa.

Na uku, jiran babban jari. Wani ya shekara 3 yana cewa sai ya sami kuɗin buhu 10 zai fara. Maƙwabciyarsa ta fara da tiya 2, tana juyawa, yanzu da rabin buhu ta ke saye. A bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.

Yanzu ga inda karatun nan namu zai yi mana rana. Dā sai mu riƙe kome a ka, kai kuwa ya kan yi mantuwa, musamman ga abin da ba ya so. Takarda ba ta mantuwa. Kowa ya sami ɗan littafi. Ko wane dare, kafin ka kwanta, rubuta aiki ɗaya tak na sana'arka wanda za ka yi da safe, ka sa rana da kwanan wata. In ka yi shi, ka ja layi a kai. A bayan littafin kuma rubuta masu bashi: suna, adadi, da ranar biya. Wanda bai iya jimla ba tukuna, ya rubuta kalma ɗaya, kamar "buhu" ko "bashi." Ta isa.

Mun saba cewa gobe ta Allah ce. Haka ne. Tun da tasa ce, ba mu da ikon ajiye aikinmu a cikinta. Yau ce Ya ba mu a hannu.

Sabo da haka, kafin mu tashi, kowa ya buɗe littafinsa ya rubuta abu ɗaya da ya daɗe yana cewa sai gobe. Mu ma malamai za mu rubuta namu. Ran da mu ka sake haɗuwa, kowa zai karanta nasa da bakinsa, ya gaya mana ko ya ja layi.

Allah Ya sa albarka a sana'armu, Ya tsare mana jarinmu. Amin.