Jawabi Kan Rancen Karatu Da Zaɓen Digiri



Yaranmu na sha'awar digiri mai haɗa fannoni daban-daban, wasunsu da rancen NELFUND da aka soma a 2024. Rance ne marar ruwa, amma shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ɗalibin da ya karɓi naira 20,000 duk wata har shekara huɗu, 960,000 ke kansa, ban da kuɗin makaranta. In albashinsa 70,000 ne, zai haura shekara 11 yana biya.

Saboda haka kafin ɗanku ya sa hannu, ku tambaye shi: wannan takarda, wane aiki za ta ba ka?

Allah Ya yi mana jagora. Wassalam.