Jawabin Shugaban Taro Wajen Ƙaddamar da Littafin Bincike a Makama, Yola

 

Mun hallara yau a Makama, cikin birnin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, domin ƙaddamar da littafin da ya yi bahasi a kan mas'alar da ta dami gidaje da yawa, ko da yake kunya ta hana a faɗe ta a fili, wato zaluncin da ake yi wa bayin Allah ta wayar salula.

Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, an tsara shi ne a zamanin da azzalumi sai ya taka da ƙafarsa ya iske wanda zai cuta. Amma yau saurayin da aka hana wa aure yana kishingiɗe a ɗakinsa a Jimeta, sai ya watsa hoton yarinyar da ta amince masa a WhatsApp, kafin a kira magariba ya game unguwa, babu jini, babu raunin da likita zai rubuta, alhali kuwa an fasa aurenta, ta bar makaranta, mahaifiyarta ta daina shiga taron biki. Fukaha'unmu na mazhabar Malikiyya tun tuni sun lissafa irli, wato mutuncin mutum, cikin abubuwan da shari'a ta zo ta tsare, kafaɗa da kafaɗa da rai da dukiya, shi ya sa ƙazafi yake da haddi. Abin da littafin nan ya tambaya shi ne: ina mahallin laifin, wace ce bayyina, kuma mene ne hukuncin wanda bai ƙirƙira ba, turawa kawai ya yi?

Gaskiya ne akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, sai dai sashe na 24 nata ya fi shahara wajen kama 'yan jarida, har Kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa kwaskwarima a 2024. A ganina, dokar da ta fi kare babban mutum daga suka bisa ga kare marainiya daga tozarci tana buƙatar malamai su sake zama a kanta.

Saboda haka ina roƙon Jami'ar Modibbo Adama da Makarantar Horar da Lauyoyi ta Yola su sa littafin nan a hannun ɗalibansu, a kuma kai wa 'yan sanda, domin gabansu ake fara kai kuka. Da sunan Allah na ƙaddamar da shi.