Bankwana da Dabbobin Gida: Jawabi ga Ɗalibai Masu Tafiya Hidimar Ƙasa



Tun da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, kowace shekara akan tura ɗalibai irinmu garuruwan da ko sunansu ba su taɓa ji ba. Mun sha nasiha a kan yadda za mu sallami iyaye da dangi. Amma akwai waɗansu 'yan gida da ba a cika tunawa da su ba a irin wannan taro, wato dabbobin da muka tashi tare da su.

Mu da muka fito daga Achida da ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo, da wuya a sami wanda kakarsa ba ta ba shi tunkiya ko jar akuya ba tun yana ƙarami. Mu ne muka riƙa yiwo mata ciyawa a fadamar Rima in an tashi daga makarantar allo, mu jiƙa mata dusa da kanwa, mu hana idonmu barci daren da za ta haihu. 'Ya'yanta kuwa su ne aka riƙa korawa kasuwar Achida ran Laraba, a sayo mana littattafai, a biya kuɗin jarrabawa. Ashe ke nan tana da nata kaso a cikin takardar shaidar da za mu karɓa.

Saboda haka, wanda ƙwalla ta cika wa ido a gindin turke ranar tafiya, kada ya ji kunya. Sai dai ƙwalla ba ta cika cikin dabba. Dabba amana ce, kuma mun san labarin matar da hadisi ya ce ta shiga wuta don ta kulle kyanwa, ba ci ba sha, har ta mutu. Wanda ya sa ƙafa ya tafi bai damƙa dabbarsa a hannun kowa ba, ya duba kusancinsa da matar nan.

To, yaya za mu yi? Da farko, iyayenmu sun riga sun share mana hanya da al'adar ba da kiwo. A zaɓi mai riƙon amana, a yi magana a gaban shaidu kan rabon abin da ta haifa, don kada a ɓata zumunci. Na biyu, a tanadi harawa da dusa na rani, a kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafi kafin mu ɗaure kaya. Na uku, wanda ya ga dole sai ya sayar, ya san wa yake sayar wa, musamman mai jaki. Fataucin fata ya ci jakuna har Tarayyar Afirka ta hana yanka su domin fatarsu a 2024. Bai kamata jakin da ya ɗauki taki da albasar gidanmu shekara da shekaru ya ƙare a hannun mai wuƙa ba.

A ƙarshe, masu tantabaru a cikinmu sun san halinsu: ko an kai su wani gari, da zarar an sake su sai su kamo hanyar gida. Allah ya sa mu ma mu komo, mu tarar da turke cike da 'ya'ya da jikoki.