Alƙalamin Malami Ba Na Ba Da Maki Kaɗai Ba Ne



Kullum muna sa yara su rubuta insha'i, alhali namu alƙalamin bai wuce ba da maki da cika rajista ba. Uzurinmu biyu ne: hidima ta yi yawa, shekaru kuma sun ja.

To, mu tuna gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa, Malam Bello Kagara, ya haura shekara 40 sa'ad da ya rubuta Ganɗoki. Ashe gemu ba ya hana ilimi.

Jarin wannan aiki littafin rubutu guda ne, da minti 20 bayan sallar isha'i. Mu fara da tatsuniyoyin da kakanninmu suka bar mana, shafi ɗaya a mako. Mu karanta wa aji: inda yara suka yi hamma mu gyara, inda suka yi tsit mu ƙara. Da yawansu ba su da littafin karatu a gida, namu shafin ne zai zama na farko.

Allah Ya ba mu iko.