Faɗuwar tsoho ba ƙaramin abu ba ce: jawabina ga matasa ranar tsofaffi

Ƴan uwana matasa, na gode da kuka baro fada da shayi kuka zo yau 1 ga Oktoba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa tsofaffi.

Bari in fara da kakata. Bara da damina ta tashi da asuba za ta yi alwala, kuran ya ɗauke, bakin makewayi duk santsi. Ta zame ta faɗi a kan ƙugu. Muka ɗaga ta, muka shafa mata man zafi, muka kira mai ɗori. Kowa na cewa tsufa ne, za ta warware. Sai rana ta huɗu muka kai ta sashen gaggawa na likita. Da aka yi radiyo, lokotoro ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye, ya dube ni ya ce: "Me kuke jira tun ran nan?" Wallahi na rasa amsa. Matar da ke zuwa kasuwa da ƙafarta, yau sai an ciccibe ta zuwa makewayi.

Daren da na kwana can na ga ba mu kaɗai ba ne. An kawo tsoho ya faɗo daga bayan kabu-kabu, an kawo tsohuwa ta yi tuntuɓe da dakali. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya.

Me ke kayar da su? Yanar ido, duhu, silifa da ya suɗe, da jiri idan suka miƙe da sauri, musamman masu shan maganin tansiyo. Galibin waɗannan muna iya gyara su da jikka ɗaya ko biyu. Tocila a gefen shimfiɗa. Sanda mai roba a gindi. Ƙarfe ko itacen dafawa a makewayi. A kankare gansakuka, a kai su a duba ido, a koya musu su zauna kaɗan kafin su miƙe.

In kuwa an faɗi, ku duba. Idan ya kasa tsayuwa, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, kar a ja, kar a murza, a tafi likita ranar. Idan kai ya bugu, sai amai, yawan barci ko ruɗewa suka biyo baya, ko da bayan kwanaki ne, jini na iya taruwa cikin ƙoƙon kai. Dogon kwanciya kuma shi ke kawo gyambon baya da ciwon huhu.

Ga mahukunta kuma muna da magana. Tun 2006 ƙasarmu ta sa maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Muna roƙon a duba tsofaffi su ma, don tsoron kuɗin radiyo da na ordonansi ne ke sa iyalai da yawa su tsaya wajen mai ɗori.

Roƙona gare ku ɗaya ne: yau da dare, kowa ya bi hanyar da tsohon gidansu ke bi daga ɗaki zuwa makewayi, cikin duhu, ya gyara abin da ya ci karo da shi. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya.