Fansho, Cin Rani da Ilmin 'Ya'ya



Tun zamanin kakanni, fanshon talaka 'ya'yansa ne. Manomi yakan sha wahalar renon ɗa bisa fatan idan ƙarfinsa ya ƙare, ɗan zai ɗauke masa nauyin gida. Uban da ba shi da wani abin dogaro don ranar tsufa kuwa, shekarun makaranta sukan yi masa tsawo. Da zarar an kawar da amfanin gona, sai ya cire yaro daga aji, ya tura shi cin rani Legas ko Anacha ko Fatakwal, ya yi dako ko ga-ruwa, ya riƙa aiko da ɗan abin da ya samu. Wani uban kuma tsoronsa daban ne: kada ya sayar da shanunsa ya ilmantar da ɗa, ɗan ya sami aiki a birni ko ƙasar waje, aike ya zama sai ya ga dama. Don haka sai ya ƙi kashe kuɗin tun farko. Ko ta wace hanya, da karatun yaro ake biyan tsufan uba.

Nan ne tsarin fansho ya shigo. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta ce kowane wata ma'aikaci zai ajiye aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Asusun da sunan ma'aikacin yake, kuma yana binsa duk inda ya canza aiki. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta buɗe wannan ƙofa ga 'yan kasuwa, direbobi, teloli da sauran masu sana'ar hannu, su riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata. Ashe ke nan magidanci mai zuwa cin rani yana iya tara wa tsufansa daga guminsa na birni.

A 2004 ɗin dai doka ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Uban da ya yi wa kansa tanadi yana iya haƙurin jiran waɗannan shekaru, har da na gaba da su. Hakkin iyaye a kan ɗa yana nan daram, sai dai ɗan da ya gama karatu ya fi iya sauke shi.

Saboda haka ana kira ga iyaye su nemi bayani daga Hukumar Fansho ta Ƙasa, su buɗe asusu, su bar yara a aji. Allah Ya sa mu dace, amin.